Kujerar da Na Kwance

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na kai Tsohuwa, motata, garejin Souleymane a Akébé. Da ƙafarta ta je, ba tura ta aka yi ba. Na rubuta wannan ne saboda masu cewa gawa na saya. Kat-kat ce, irin mai ja da taya huɗu, ƙirar 1986, mai shan gazuwal wato dizal, ta gama yi wa masu saran katako bauta a daji sannan ta faɗo hannuna. Fenti ya tafi, ƙofar hagu sai an daka mata kafaɗa, amma inji lafiya lau.

Ga abin da nake so. Cikin Disamba, in ruwa ya ɗan sarara, mu kama hanya daga nan Libreville har Gumel. Oyem, Bitam, mu tsallaka Kamaru, Yawunde, Ngaundare, Garwa, mu shiga ta Yola. Kwana goma ko sha biyu, duk inda rana ta faɗi mana mu kafa tanti mu kwana kusa da kayanmu. Ni da Souleymane a gaba muna karɓa-karɓar tuƙi, shi daga can zai wuce Damagaram ya ga iyalinsa. Matata Ƙulu a kujerar baya.

Shekara goma sha bakwai rabon Ƙulu da gida. Ni a tsakanin nan na je sau uku a jirgi, kowane zuwa ina ce mata baɗi. Da farko takardunta ne, sannan yara, sannan kanti. Yanzu takardu sun fito, yara sun girma, ɗanmu Salman zai riƙe kanti, ba ni da sauran wurin fakewa. Innarta kuma ta tsufa, ido ya tafi. Na ce mata wannan karon a motarmu zan kai ta har ƙofar gidan Inna, da duk tsarabar da ta tara. Ta ce Allah ya nuna mana. Ba ta yi murnar da na so ba, amma matar da aka yi wa baɗi sau goma sha bakwai ba a ganin laifinta.

Souleymane ya zagaya motar sau biyu yana tsaki. Mutumin nan bai iya yabon abu ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mun zauna mun tsara aikin. Za a ƙara lam biyu-biyu a baya, wato fallayen ƙarfen nan da mota ke zaune a kansu. Amortisa, masu shanye gargadar hanya, sababbi huɗu. Tankin ruwa mai lita tamanin, taya biyu na ko-ta-kwana, jarkar mai huɗu, akwatin katako na tukwane da abinci, sai galeri a sama inda za a ɗaura kaya da tanti. Tantin na saya ne hannun wani Bature da ke tattara komatsansa zai koma ƙasarsu. Mai ninkuwa ne, a kan mota ake buɗe shi, har da tsani. Ina tuna yadda Ƙulu za ta hau tsanin nan ina dariya ni kaɗai.

Da muka gama sai Souleymane ya buɗe ƙofa ya nuna mini wani ɗan allon ƙarfe da aka manna a jikin ginshiƙi, tsatsa ta kusa cinye rubutun. Wai lambar da ke jiki ita ce iyakar abin da motar za ta ɗauka, da ita da mu da kaya. Ya ce lam hana mota durƙusawa yake yi, ba ya ƙara mata ƙashin baya, ba ya ƙara mata birki. Na ce wanda ya rubuta lambar nan bai taɓa ganin motar kasuwar Maigatari ba.

Bai yi dariya ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An kwance kujerar baya don a samu sukunin ɗaura tanki. Noti takwas ne ke riƙe da ita. Na kwana biyu ne kawai. Gareji ba wuri, ga ruwa kullum, sai na sa aka kawo ta gida aka ajiye a baranda.

Ƙulu ta hau ta da sabulu da soso. Ta ce warin zufar masu katako na shekara talatin, ba da ita za a yi wannan tafiya ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Ta ɗinka wa kujerar riga da ragowar atamfa, har da aljihu a gefe na carbi da goro. Yanzu a kanta take zama da yamma tana tsintar shinkafa, wai tana saba wa bayanta. Yau na ji ta tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na manta rabon da in ji haka.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Jiya aka gama galeri. Ƙarfe mai kauri tun daga goshin mota har baya, mai walda bai yi rowa ba. Da sababbin lam ɗin Tsohuwa ta miƙe tsaye, sai ka rantse shekara goma aka rage mata. Souleymane ya ce in bar ta a gareji tukuna. Ban ji ba, na tafi masallaci da ita. In zan faɗa wa littafin nan gaskiya, ganin ido ne kawai. Shekara talatin da uku ina zuwa Juma'a a taksi ko a ƙasa.

Kafin a watse kowa ya san ni Maitama zan tafi gida a mota. Aka zagaye ta, wannan ya ƙwanƙwasa taya, wancan ya ɗaga kai yana auna galeri da ido. Sai da na ga irin kallon da suke yi wa galerin nan sannan gabana ya faɗi.

Duk wanda ya zauna a ƙasar wasu ya san ƙa'idar. Mai tafiya gida ba ya cewa a'a ga saƙo. Ba ka tambayar abin da ke ciki, ba ka buɗewa, ka karɓa da hannu biyu ka ce Allah ya kai mu. In ka karɓa kuwa ya zama amana, ba mayarwa. Ni ma haka wasu suka yi ta kai mini. Lokacin da mahaifina ya kwanta, maganinsa a jakar wani baƙo ya je Gumel, ko sunansa ban riƙe ba. To yau abin ya zagayo kaina, kuma ni na kai kaina kasuwa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Saƙo bakwai yau. Bayan kanti ya fara cika.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ɗanlaraba ya zo, ɗan dakon nan na Port Môle, mutumin Sule Tankarkar. Ya tsaya a bakin kanti har masu sayayya suka ragu, sannan ya fito da ƙullin leda daga cikin riga. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa: takalmin makaranta ne na 'yarsa Muna. Da cikinta ya baro gida, yanzu shekararta bakwai. An auna ƙafar da zare aka aiko masa, ya yi ta yawo da zaren a kasuwar Mont-Bouët har ya sami daidai. Ya ce in na miƙa in duba masa ko ya shige ta.

Irin wannan saƙon ko ɗari ne zan ɗauka.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Alhaji Ikirama ya aiko da nasa. A bayan a-kori-kura aka kawo, kwali tara, an naɗe da salatif an ɗaure da igiya. Na ɗaga ɗaya sai da ƙuguna ya yi ƙara. Ya kira ni a waya ya ce 'yan tarkace ne na gidan da yake ginawa a Gumel, ba wani nauyi. Na ce ai ba komai, Alhaji, Allah ya kai mu.

Me zan ce? A 1991 da na sauka garin nan da leda ɗaya a hannu, ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba, a zaurensa na kwana shekara biyu. Shi ya tsaya mini wajen takardu, shi ya nuna mini inda ake saro kaya, shi ya karɓi Ƙulu a matsayin uba ranar da aka kawo ta. Mai masauki uba ne. Da giwa ya aiko, igiya kawai zan nema.

Ƙulu ta leƙo ta ga kwalayen. Ta dube su, ta dubi kujerarta, ta koma ciki.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ummussalma, ƙanwar Ƙulu, ta turo muryar Inna a waya. Ƙulu ta kunna ina kusa, na ji komai. Muryar ta sirance, sai ka kasa kunne. Ta ce a gaya wa Ƙulu kada ta wahalar da kanta da atamfa da turare, ba abin da za ta yi da su. Fuskarta kawai za ta kawo mata. Ido ya tafi amma hannu yana gani, duk wanda ya shigo sai ta shafa fuskarsa take tabbatarwa.

Sau huɗu Ƙulu ta maimaita. Na tashi na tafi kanti alhali ba abin da na manta a can.

Talata, 19 ga Nuwamba

Souleymane ya matsa sai an auna komai. Na ɗauko sikelin kanti na kawo gida, kowane ƙunshi na ɗora na rubuta. Saƙo yanzu arba'in da ɗaya. Akwatunan Ƙulu uku, tarin shekara goma sha bakwai, wasu zannuwan ma yayinsu ya wuce tun suna ninke.

Da na gama da kaya na ce mata ta hau. Ta ɗauka wasa nake. Da ta ga da gaske ne ta cire takalmi ta hau, ta ce in an sami mai saye kada in yi ragi. Saba'in da takwas. Na rubuta a takarda, ƙasan nauyin buhun shinkafa, don nan layin ya kai.

Ban ji daɗin ganin sunanta a wurin nan ba. Amma aiki ne.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun loda komai don gwaji. Galeri ya cika ya yi toro, baya ya cika, abin da ya rage muka jera a gurbin kujera. Ya cika shi ma, dam. Na ce wa Souleymane ai na gwaji ne, ranar tafiya za a san yadda za a yi. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Muka je Owendo muka hau sikelin manyan motoci. Ya ƙara nauyin kujera da na Ƙulu a takarda, ya miƙo mini. Mun zarce lambar nan ta jikin ƙofa da kilo ɗari huɗu.

Amma motar ba ta durƙusa ba. Na nuna masa, na ce dubi bayanta, a tsaye yake.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Da hantsi muka fita da kayan duka, ni ke tuƙi. Muka wuce Angondjé muka kama hanyar Cap Estérias, can muka ratse wata jar hanya da ruwan jiya ya jiƙa, don ya ce irinta za mu tarar a gaba. Tun a kwalta na ji ba daidai ba. Gaban motar ya yi sakayau, sitiyari ba ya jin magana, duk kwanar da na sha sai ta karkata tana neman kwanciya. Na ci gaba da tuƙi. Souleymane ya dafe ƙofa.

A wata gangara na taka birki. Ya tafi har ƙasa, motar ba ta san ana yi ba. Na sake takawa. Souleymane ya ce in bar birkin in sa giya ta biyu. Muka gangara muna salati, ta faɗa wani rami, na ji ƙas a ƙarƙashinmu, sannan ta zame ta jingina da gefen hanya ta tsaya. Igiyar sama ta tsinke, kwali ɗaya ya faɗo ya fashe a laka.

Na Alhaji ne. Tayil ne a ciki, na daɓen ƙasa, fari mai ratsin toka, irin wanda ke jibge a kasuwar Kano. Na tsuguna ina tsince su daga laka ina jerawa, kunya ta rufe ni sai ka ce ni na buɗe. Wata mata 'yar ƙasa da ke wucewa da kwandon rogo a baya ta tsaya tana kallonmu, ta tambaya ko gidan muka ɗauko da bangonsa.

Souleymane ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito ya ja hannuna ya ɗora yatsana a jikin shasi, daidai inda lam ya kama. Tsaga ce, tsawon ɗan yatsa. Ya ce lam ɗin ya yi aikinsa, ya ƙi lanƙwasa, sai ya miƙa wa shasi nauyin, shi kuwa shasi ya tsufa. Zai yi walda ya ɗora ƙarfe a kai, zai kwance birki ya duba. Sannan ya goge hannu a wando ya ce, "Maigida, in kilo ɗari huɗun nan ba su sauka ba, ka nemi wani abokin tafiya. 'Ya'yana so suke su gan ni, ba su ji labarina ba."

Muka lallaɓo gida a hankali. Duk hanya abu ɗaya nake tunani: da akwai mutum a baya yau, da kwalayen nan a kansa za su zubo.

Ban faɗa wa Ƙulu ba. Na ce taya ce ta yi faci.

Talata, 26 ga Nuwamba

Tun safe nake kan takarda. Ruwa, mai, taya, kayan gyara, Souleymane ya ce ba a taɓa su, su ne ranmu a hanya. To. Na cire tsarabata duka, da keken ɗinkin da na saya wa ƙanwata, da buhun shinkafa. Ɗari da hamsin. Saura ɗari biyu da hamsin.

Kujera arba'in da biyar. Akwatunan Ƙulu ɗari da talatin. Ita kanta saba'in da takwas. Ban nemi abin ya fito haka ba, da kansa ya fito.

Kwalayen Alhaji ɗari biyu da saba'in ne. Na gani, ni ba makaho ba ne. Amma a ina aka taɓa yi? Tun da na zo garin nan ban ji wanda ya karɓi saƙo da hannu biyu, ya ce Allah ya kai mu, sannan ya mayar ba. Da wane baki? Kuma wa, Alhaji? Gobe in na faɗi na mutu a ƙasar nan, su waye za su wanke ni su ɗauke ni? Jirgi kuwa yanzu babu halinsa, Tsohuwa ta haɗiye komai.

Ƙulu ta gida ce. Za ta fahimta.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Na faɗa mata. Tana kan kujerar, faifai a cinya. Na yi ta kewaye-kewaye, shasi, birki, amana, mutuncin Alhaji. Har na ce hanyar ma ba ta mata ba ce, ga tsani, ga sauro, ga jandarmomi a kowane shinge. Na ce baɗi da yardar Allah a jirgi za ta tafi, ta sauka Kano ba wahala. Da kalmar ta fita daga bakina ni kaina sai da na ji nauyinta.

Ta ce, "To, Malam." Ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Da faɗa ta yi da na fi jin daɗi. Na shiryo amsoshi tun daga kanti, ba ta ba ni inda zan sauke su ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ta cire wa kujerar riga, ta wanke, ta ninke ta sa a akwati. Yanzu a tabarma take zama.

Talata, 3 ga Disamba

An gama walda, birki ya dawo daidai. Na ce wa Souleymane ba sai an mayar da kujera ba. Ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce shi kilo ɗari huɗu ya ce a sauke, bai ce uwargida ba. Na ce ba ruwansa da gidana. Ya ce gaskiya ne, ya koma ciki.

A gida abinci a kan lokaci, gaisuwa daidai, ruwan wanka da ɗumi. Ba abin da zan kama in ce ga laifi. Ummussalma ta kira da la'asar, Ƙulu ta shiga ɗaki da wayar, amma bangon gidan nan ba ya riƙe magana. Na ji tana cewa, ki ce wa Inna ana nan ana shiri. Asirina take rufawa.

Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Juma'a, 6 ga Disamba

Bayan masallaci mutane suka biyo ni kanti, masu sallama da masu ƙara jaddada kwatancen gida. Mun kai mu goma a kan benci. Sai na ji sallamar mace daga waje, ta bakin titi, ba ta ƙofar baya ba. Ƙulu ce, da mayafinta na unguwa. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta durƙusa a gabana yadda baƙuwa ke yi, ta miƙo ƙunshi da hannu biyu. An naɗe shi da farin ƙyalle, an rubuta sunan Inna da unguwa a jiki, da rubutunta mai karkata.

Ta ce, "Malam, na ji an ce za ka gida. Ga ɗan saƙo, a taimaka a kai wa tsohuwata. Ba nauyi, na auna, kilo ɗaya ne."

Hannuna ya karɓa kafin kaina ya yi tunani. Har bakina ya fara Allah ya kai mu, ya maƙale.

"In ta shafa fuskarka ta tambaye ni, ka ce mata baɗi."

Ba da ɗaga murya ta faɗa ba. Ta yi musu sallama ta tafi. Kowa a bencin ya sami abin kallo a ƙasa. Wani ya yi tari, wani ya tuna ana jiransa.

Asabar, 7 ga Disamba

Ban buɗe kanti ba. Ƙunshin yana kan tebur. Na ɗora shi a sikeli, ban san dalili ba. Kilo ɗaya cif.

Litinin, 9 ga Disamba

Na loda kwali tara a Tsohuwa na tafi Akanda ni kaɗai. Sau biyu na wuce ƙofar gidan Alhaji ban tsaya ba. A na uku maigadi ya gane ni ya buɗe, ba yadda zan yi.

Yana zaune a farfajiya yana shan shayi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi shiri. Idonsa na kan motar. Na ce masa mota ta gaza, mun auna, mun gwada, saura ƙiris mu halaka a hanyar Cap, dole a rage kaya. Ya ce to a rage mana, ai saƙo da yawa. Na ce nasa ne za a rage.

Ya ajiye kofin a hankali. Ya ga kwalin da na sake ɗaurewa, laka ta bushe a jikinsa, ya tambaya ko buɗewa na yi. Na ce ba ni na buɗe ba, hanya ce.

"Maitama," ya ce, "tabarmar da ka kwana a kai shekara biyu, har yau ban yar da ita ba."

Na ce na sani, Alhaji, kuma ba zan manta ba har in koma ga Allah. Amma wurin da kwalayen nan suka zauna wurin Ƙulu ne, uwarta kuma ba ta da wani baɗin da za ta jira. Na ce shi ne ya karɓe ta a matsayin uba, ya fi ni sanin haka.

Ya sake ɗaukar kofinsa. Bai sa kowa ya taya ni ba. Ni na sauke su ɗaya-ɗaya na jera a gindin katanga, ina da shekara hamsin da tara, yana kallona. Da na gama na ce na bar shi lafiya. Ya ɗaga hannu kawai.

A hanyar dawowa motar sakayau, kwana take sha ba gardama. Ni ne na kasa. Na faka a gefen titi wajen filin jirgi na zauna har zufar ta bushe. Ban san ko daidai na yi ba. Raina dai ya ɓaci ƙwarai, uba na rasa yau.

Laraba, 11 ga Disamba

Labari ya riga ni isa ko'ina. Tun jiya mutum shida sun zo sun karɓe saƙonsu, wai ba a ba mai mayar da saƙo amana. Ɗaya ma a gabana ya duba ɗaurin nasa ko an taɓa. Na miƙa musu. Wanda ke sayen goro a wurina kullum yau ta tsallaken titi ya bi.

Ɗanlaraba ya zo da la'asar, daga wurin aiki, kafaɗarsa duk garin siminti. Ya kasa tambaya, yana ta murza hula. Na kai shi wajen mota na buɗe aljihun gaba na nuna masa ledarsa. Na ce wannan ko mota ta mutu a hanya, a wuyana zai ƙarasa.

Ƙulu ta ji komai, na tabbata, matan unguwar nan ba sa kwana da labari. Ta ci gaba da aikinta kamar kullum.

Juma'a, 13 ga Disamba

A masallaci na miƙa wa Alhaji hannu, ya ba ni bakin yatsu yana kallon wani wuri. Haka za a zauna, wataƙila har abada.

An mayar da kujera da safe. Noti takwas, minti ashirin. Souleymane ya ce dama mota ta fi zama daidai in da nauyi a tsakiya. Saboda haka ne, ba don wani abu ba. Ya sake lissafinsa da akwatuna uku da komai, ya ce yanzu muna ƙasa da lambar, har da 'yar rara. Gobe bayan asuba za mu tashi.

Da la'asar na ɗauki ƙunshin na same ta a tabarma. Na yi sallama, na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara, na miƙa da hannu biyu. Na ce wannan saƙon ba zan iya kaiwa ba, mai shi ta kai da kanta.

Ta dube ni. "Malam, ai ba a mayar da saƙo."

Na ce na koya a makon nan.

Ta karɓa. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Akwai kwana goma sha biyu a gabanmu, kuma motar ba ta da rediyo.

Ina rubutun nan a baranda, inda ƙafafun kujerar suka bar tabon tsatsa a siminti. Tana cikin mota tana ɗaura rigar atamfar nan, ta ƙi a taya ta. Ɗazu na gan ta tana tura wata jaka ƙarƙashin kujera, wadda ba ta cikin takardata. Sikeli na nan kusa da ƙafata. Ban tashi ba.